Maganin da Yaya Kulu Ta Raba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan labarin jinyar yayata Kulu, don akwai abin da a danginmu ba a faɗarsa sai da murya ƙasa-ƙasa. Ita ce da bakinta ta ce in rubuta, ko Allah zai sa wata ta karanta ta tsira da abin da muka kusa rasawa. To, ga shi nan, da na daɗi da na ɗaci.

A Unguwar Lalle aka haife mu, gidan manoma gero da dawa. Yaya Kulu ce babba a mata, ni Luba ni ce auta. Idan na rufe ido na tuna da ita, ba a gadon asibiti nake ganinta ba, a bakin murhu nake ganinta lokacin kaka, tana gasa mana tumu. Sai ta murje shi a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana zuba wa kowa, har da yaran maƙwabta da suka jiyo ƙamshi suka shigo. In ta gama sai ta lashe tafinta, rabonta ke nan. Innarmu ta raine mu a kan cewa duk zagin duniya da sauƙi, in dai ba a ce da mace marowaciya ba, Yaya kuwa ta ɗauki karatun nan fiye da yadda aka biya mata shi. Ni dai, Allah ya gani, ban ɗauka ba. Nakan ɓoye gorubata a bayan rumbu, ita kuma ta tono ta raba wa yara ta ce in ji Luba, su zo suna yi mini godiya ina kumbure-kumbure.

Kitso ne sana'arta, kuma tun tana budurwa har daga Alkalawa ake kawo mata amare. In ta ɗora kanki a cinyarta, ga ƙamshin man shanu, ga hirarta da ba ta ƙarewa, barci ke ɗauke ki kafin ta kai rabi. Ni kam kyauta take yi mini, sai dai ta ja mini kunne in na motsa.

Ta auri wani ɗan kasuwa mai kai wake Maraɗi, ni kuma aka kawo ni Isa gidan Malam Sani, mai sayar da hatsi. Da hanyoyinmu suka lalace da 'yan bindiga, mijinta ya fita wata safiya, gawarsa aka dawo da ita. Tana da ciki a lokacin, cikin bai zauna ba, sai da aka yi mata aiki. A asibitin aka fara yi mata allurar kashe zafi, wadda mata ke kira fenta. An sallame ta, ciwo ya tafi, barci bai dawo ba, wani mai kemis kuma ya ci gaba da sayar mata. Da ta fita takaba sai ta koma Sabon Birni, ta kama ɗaki da wasu mata uku da aka taso daga ƙauyukansu. Magana ta riƙa zuwa mini a kaikaice, wai Kulu ta rame, Kulu ta daina kitso, Kulu tana gyangyaɗi da rana tsaka. Na ce bakin mutane ne kawai.

Ana tsakiyar damina wata mota ta ajiye ta a ƙofar gidana, wata mata tana tallafe da ita. Matar nan ita ce Ige, abokiyar ɗakinta, 'yar wajen Kamarawa, gajera, mai tsagen Gobirawa, da murya irin wadda ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Tun ranar jinina bai haɗu da nata ba. Na ɗora mata laifin komai, alhali ita ce ta goyo Yaya daga ɗaki har tasha. Cinyar Yaya ta dama ta kumbura tana sheƙi, ba ta iya taka ƙafar, jikinta zafi rau.

Makon farko a gida muka ɓata shi, kuma shi nake so mai karatu ya fara riƙewa. Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta zo ta duba ta ce maruru ne bai nuna ba, a shafa lalle da kanwa a jira ya yi baki. Wata maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya tsaga. Wani kawunmu ya aiko da rubutu, ya ce tun rasuwar mijinta iska ta shafe ta. Kowa da nasa, kuma kowa don Allah ya faɗa. Muka shafa, muka ba ta ta sha, muka yi hayaƙi. Zazzaɓi ya ƙaru, Yaya ta fara sambatu tana kiran Inna da ta daɗe a ƙasa, ɗakin ya soma wari. Malam Sani mutum ne da ba ya sa baki a maganar dangin mace, amma ran nan ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce in ɗauko mayafi, ya samo mota.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don a cikinsa akwai waɗanda suka kyauta mana, akwai waɗanda na yafe wa da ƙyar. Mun yanki kati da hantsi, ba mu ga likita ba sai da aka yi azahar aka dawo, Yaya kwance a siminti, kanta a cinyata, ina kore mata ƙuda. Da muka shiga, likitan ya ɗaga zanenta ya ga tabon allura birjik a cinyoyin biyu, tsofaffi da sababbi. Ya tambaya tun yaushe take yi wa kanta allura. Na yi caraf na ce ba ta yi, ƙuraje ne na gado. Ya dube ni ya ce ba ni ya tambaya ba. Yaya ta kawar da kai ta ce, "Tun bayan maigidana." A nan na fara jin gaskiya daga bakinta, a gaban baƙo.

Likita ya ce ciwon ya ci rami, kalmar da har yau take kunnena. Ya ce da mun ƙara 'yan kwanaki, da sai dai a yanke ƙafar, in ma an samu ran. Aka tsaga, mugunyar da ta fita ba ta faɗuwa. Kullum da safe sai a zaro audugar da aka cusa a ramin a cusa sabuwa, ni ce mai danne mata kafaɗu. Kullum kuma da takardar abin da za a sayo, ƙarin ruwa, allurai, bandeji, har safar hannun da za a taɓa ta da ita. Tunkiyata ta tafi a wannan makon, 'yan kunnen aurena suka bi bayanta. Akwai wata nas da in za ta kira mu sai ta ɗaga murya ta ce ina masu jinyar mai allurar nan, duk ɗakin ya juyo. Akwai kuma wata tsohuwa mai shara da ke ajiye mana ruwan zafi a bayan ƙofa ba mu roƙa ba. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A mako na biyu a asibiti ƙafa ta fara sauƙi, sai jikin ya tashi neman abin da ya saba. Ban taɓa sanin haka ake yi ba. Gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, gudawa, ga gaɓoɓi suna sara. Takan kama hannuna ta ce, "Auta, ko rabi ki samo min, ba ni ƙarawa." Ina kuka ina cewa a'a. Likita ya rubuta abin da ke rage mata raɗaɗin, sauran kuwa sai haƙuri. Amma in abin ya lafa da yamma, sai mu zauna a barandar ɗakin mata, ruwa na sauka, mu yi ta tuna gida. Ta tuna mini ranar da na faɗa kududdufi da sabon zanen sallah, ta ce wa Inna ita ta tura ni, aka dake ta a maimakona. Muka yi dariya har mai gadon kusa ta ce mu ji tausayin ɗinkinta. Tun da aka yi mini aure ban samu yayata ni kaɗai ba sai a wannan baranda. Abin kunya ne mutum ya ce yana kewar asibiti, amma ni ina kewar yammacin nan.

Kafin a sallame mu likita ya nemi yardarta a gwada jininta, a ga ko akwai cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mu a nan muke kira sida kamar mutanen Nijar. Gabana ya faɗi. Sakamako ya fito babu, amma ya ce sai an sake nan gaba kafin a saki jiki, sannan ya tura mu wurin wata Malama Balki mai ba mata shawara.

Ɗakin Malama Balki yana bayan wurin awon ciki, duk wadda ta shiga sai a ɗauka awo ta je. Mace ce mai jiki, ta haura arba'in, kujerarta tana nan amma tabarma take shimfiɗawa. Ba ta fara da wa'azi ba. Ta tambayi Yaya ƙafa, ta tambaye ta barci, ta tambayi sana'arta, sannan a hankali ta gangaro kan sirinji, ko nata ne ita kaɗai. Yaya ta yi mamakin tambayar. Ta ce su huɗu ne a ɗaki, in an samu kwalbar allura guda a raba huɗu, sirinjin ma guda ne, a ɗauraye a miƙa wa ta gaba. Ta yaya mace za ta sayi nata ta ɓoye, 'yan'uwanta na kallo? Ta kuma faɗi abin da ya fi wannan nauyi, cewa in yunwa da neman allura suka haɗu akwai mazan da ke taimakawa, kuma ba don Allah ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Malama Balki ko gezau ba ta yi ba.

Ta ɗauko wata farar kwalba ta ce ƙwayar rigakafi ce, ta wadda ba ta da cutar, a sha guda kullum ba fashi, sai ta taru a jiki sannan take tare cutar. Duk wata a zo a karɓi sabuwa, duk wata uku a sake gwaji, kuma kyauta ce. Ta ƙara da cewa tana so Yaya ta bar allura, za ta kuma tsaya mata har ta bari, amma in aka wayi gari zuciya ta rinjaye ta, to sirinji sabo, nata ita kaɗai. Nan na miƙe tsaye. Na ce ashe nan ma shaye-shaye ake koya wa mutane, ni na kawo ta a raba ta da abin, ke kina gaya mata yadda za ta yi shi da tsabta.

"Zamna, Luba," in ji ta. "Barin allura aikin watanni na, wata ma shekaru. Cutag ga kuwa rana guda ta ishe ta. In nic ce sai ta bari kahin in kare ta, wa za ni karewa?"

Na zauna, amma ban yafe mata ba sai daga baya.

Muka dawo gida. Ƙwayar ta zo da nata, tashin zuciya da ciwon kai, Yaya ta ce ita tana zaman zamanta an haɗa ta da maganin da ke sa ta amai, ta bari. Na kira Malama Balki a waya na kai ƙara. Ban yi zaton za ta zo ba, sai ga ta da la'asar da mayafinta kamar kowace baƙuwa, ta yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ta ce an ce akwai gwanar kitso a gidan nan. Ta kwance kanta ta zauna a gaban Yaya. Hannun Yaya na rawa, tsagar tana karkacewa, amma ta yi mata shuku. Suna kitson suna magana, ba mai kallon idon wata. A nan ta gaya mata tashin zuciyar na ɗan lokaci ne, ta riƙa sha bayan kokon safe. A nan kuma Yaya ta faɗi abubuwan da ni ba ta taɓa gaya mini ba, yadda aka shigo da gawar, da yadda take jin ƙarar mashin a kunnenta duk lokacin da ta kwanta. Kitson ranar bai yi kyau ba, ko ni da ban iya ba na gani. Malama Balki ta duba madubi ta ce ya yi, ta biya, ta ce za ta dawo in ya tsufa. Kitsonta kuwa saurin tsufa gare shi, bai cika kai mako biyu ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a gidan aurena. Ramin cinyar ya ciko, Yaya ta fara takawa da sanda, daga baya ta jingine sandar. Da hannun ya daina rawa, matan unguwa suka ga kan Malama suka fara kawo nasu. 'Ya'yana suka gane akwai wadda ba ta iya cin ƙosai ita kaɗai, suka tare a ɗakinta. Ni ina daka, ita tana tankaɗe, muna gulmar Gwaggo Hajo, wadda ke bin dangi tana cewa lallenta ne ya nunar da ciwon, likita tsagawa kawai ya yi. Kumatun Yaya suka dawo. A raina na riga na gama shirya mata zama na dindindin a wurina.

Ige kuwa duk ranar kasuwa sai ta zo. Ta gaishe ni in amsa a daƙile, su shige ɗaki su saki labule. In za ta tafi nakan ga Yaya tana ƙulla mata wani abu a bakin mayafi, na ɗauka daddawata ce ko kanwa, na ce halin nan dai ba ya tsufa. Wata safiya na ɗauko kwalba ta biyu zan miƙa mata, sai na ji ba nauyi. Wata bai yi nisa ba, magani ya ƙare. Abu ɗaya ne ya zo mini a rai: ta rasa allura, ta koma watsa ƙwayar nan da yawa ko za ta bugu. Na faɗa mata maganganu, tana kallon ƙasa. Na kira Malama Balki na ce ta zo ta ga aikinta.

Ta zo, ta kwance kai kamar kullum, ta zauna. Sai da aka yi nisa da kitso sannan ta ce a hankali, "Kulu, ku nawa kunka sha?"

Hannun Yaya ya tsaya. "Mu huɗu," ta ce. "Ina ba Ige ta kai musu. In na sha yau, gobe in bar musu."

Sai a lokacin na gane ba maye take nema ba. An ba ta abin da ke tare mugun ciwo, ita kuwa ba ta san yadda ake riƙe irin wannan a hana 'yan'uwa ba. Malama Balki ta ce ba Yaya ce ta farko ba, matanmu sun saba, in kai na ciwo maƙwabciya ke ɓallo miki daga nata, kuma ita Malama ce ya kamata ta ja kunne tun farko. Sannan ta warware mata. Ƙwayar da aka raba huɗu ba ta kare ko mutum ɗaya. In kuma a cikin matan akwai mai cutar ba ta sani ba, shan ta jefi-jefi zai iya sa cutar ta saba da maganin, ranar da aka zo ba ta na gaske ya ƙi ci.

"To in zamna nan ina sha ni kaɗai," in ji Yaya, "su suna can da allura guda? Da wane ido za ni duban Ige?"

"Ki kawo min su. Kowace in gwada ta, in ba ta tata kwalba."

Yaya ta ce Ige ta fi tsoron gwaji a kan kabari, ta sha faɗa cewa gara ta mutu ba ta sani ba. Malama ta ce to sai a yi ta lallashinta, amma kwalbar nan daga yau baki ɗaya gare ta. Aka sake gwada Yaya, babu, aka ba ta sabuwa, aka koma farko.

Da ranar kasuwa ta zagayo ina tsakar gida ina jin su. Ige ta miƙa bakin mayafi kamar yadda ta saba. Yaya ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ba ta bayarwa, sai dai Ige ta zo a gwada ta a ba ta nata. Sannan Ige ta fito tana gyara mayafi, ta ce da muryar nan tata, "Ni nig goyo ki har tasha, Kulu. Ashe rowa kiz zo koyo gidan ga, kin ko iya." Furar da na dama mata ko kallonta ba ta yi ba. Na ji haushin zagin gidana, amma a ƙasan raina murna nake, na ce an rabu.

Yaya ba ta ci abinci ba ranar. Washegari ta ce za ta ɗan taka ƙafa, ta dawo idanunta a lumshe, maganarta tana ja. Na san abin da ya faru. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce duk wahalata ta tashi a banza. Ita da kanta ta karɓi wayata ta gaya wa Malama Balki, ta ce amma sabon sirinji ta saya, kuma ta sha ƙwayarta da safe. Na jiyo Malama ta cikin wayar tana cewa madalla da wannan, gobe ta zo su yi magana a kan allurar. A lokacin madallar nan ta ƙona mini rai ƙwarai. Yanzu na san ita ce ta hana Yaya ta fara ɓoye mana.

Makonni suka wuce Ige ba ta leƙo ba. Yaya ta aika mata sabulu da ƙuli ta hannun wani direba, aka dawo da su. Tana shan ƙwayarta kullum, amma sai ta juya ta fuskanci bango, kamar mai cin abin sata. Da lokacin gwaji ya matso, ta ce mini ba ta zuwa sai da Ige. Ta shiga motar Sabon Birni, hanyar da ko maza sai sun yi addu'a suke bi, ta kwana can. Ta dawo da Ige a bayanta, kan Ige da sabon kitso, kalaba ƙanana irin mai cin yini guda. Abin da suka faɗa wa juna a yinin nan ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka shiga ɗakin Malama, ni ina benci tare da masu awo. Yaya ce ta fara fitowa, ta ce mini babu. Na rungume ta, guɗa ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye. Ita ko murmushi ba ta yi ba, idonta na kan ƙofa. Ige ta daɗe a ciki. Da ta fito muryar nan ta tafi, da ƙyar na ji ta.

"Akwai ta, Kulu."

Yaya ta kama hannunta ta zaunar da ita a tsakaninmu. Daga baya, da yardar Ige, ta tambayi Malama Balki ko ƙwayar da ta riƙa ba ta ce ta cuce ta. Malama ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ba ƙwayar ce ta sa mata cutar ba, amma za a sa ido a ga ko maganin zai ci yadda ake so, kuma masu wannan ciwo suna ganin jikokinsu in sun riƙe magani. Aka ba Ige tata kwalbar, wadda za ta sha iyakar rayuwarta.

Ga mai karanta wannan, musamman mace 'yar'uwata: kumburin allura ba ya jiran lalle da kanwa, a kai shi asibiti tun yana ƙarami. Maganin rigakafin nan kuma ba irin na ciwon kai ba ne da ake ɓallo wa maƙwabciya. In kina son ƙawarki, ja hannunta ku je tare, ko da za ta zage ki a hanya. Yaya har yau jininta babu komai. Allura ba ta rabu da ita kwata-kwata ba, takan yi watanni, ta zame, ta tashi. Maganin Ige ya ci, ta yi ƙiba, muryar ta dawo har ta fi da. Ɗaya daga cikin sauran matan biyu ta je gwaji, ɗayar har yanzu ana fama. Malama Balki kuwa, Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara mata haƙurin zama da irina.

Amma Yaya ba a gidana take ba, kuma ranar da ta tafi ce ba ta barin raina. Jim kaɗan bayan gwajin na shiga ɗakinta na tarar tana ƙulla kaya. Na ce ina za ki. Ta ce an aiko mata Ige tana amai da sabon magani, ba mai miƙa mata ruwa. Nan na manta da girmanta. Na yi mata gorin duk abin da na yi mata, ban rage ko ɗaya ba. Na ce Allah ya fitar da ke daga ɗakin nan da jininki lafiya, yanzu da kika tabbata cutar tana ciki za ki koma ki kwanta kusa da ita, ga allura, ga komai.

Ta bar ni na gama. Sannan ta ciro kwalbarta daga cikin ƙullin ta nuna mini.

"Don haka nika shanta kullum, Auta, ba ni raba wa kowa. In babu ita ba ni iya komawa." Ta mayar da ita ta ɗaure. "Ni da nik kwanta, ina da ke. Ige wa ag gare ta?"

Na tsaya ina hawaye kamar yarinya. Ƙafar ba ta gama ƙwari ba a lokacin, ba ta iya ɗaukar nauyi. Na ɗauki ƙullin na ɗora a kaina, na wuce gaba, ta biyo ni har tasha.